Matafiyanmu na Istanbul da Ganuwar Rumawa da Ba Sa Dubawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani giɓi da nake gani a yadda mutanenmu suke ziyartar birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, birnin da kakanninmu suke kira Santambul, littattafan tarihin Musulunci kuma suke kira Kustantiniyya.

A nan Madina, da Makka da Jidda, Hausawa mazauna da masu zuwa Umra sun mai da Istanbul zango na biyu. Akwai 'yan kasuwa masu sarin tufafi da takalma da labule a unguwannin Laleli da Aksaray, akwai ɗalibai, akwai masu zuwa neman magani, akwai kuma waɗanda kamfanonin tafiye-tafiye suke haɗa musu Umra da yawon buɗe ido na 'yan kwanaki. In sun dawo aka zauna hira bayan sallar isha'i, za ka ji labarin Aya Sofiya, da masallacin Sultan Ahmad, da gidan sarautar Topkapi inda aka adana kayan tarihin Musulunci, da jirgin ruwan da ke ratsa mashigin Bosforus, kuma kusan kowa zai gaya maka ya je ya yi sallama a kabarin Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya ƙara masa yarda. Abin da ba ka ji a bakin kowa shi ne ganuwar birnin, alhali kuwa ita ce dalilin da ya sa kabarin sahabin nan yake inda yake, ita ce kuma ta sa sunan Sarki Muhammadu Fatih ya shiga bakin duniya.

Ba laifin kowa nake gani ba, domin wanda ya je sari kwanakinsa ƙidayayyu ne, masu yi wa baƙi jagora kuma abin da suka saba nunawa shi suke nunawa. Sai dai nisa ba zai zama uzuri ba. Daga Laleli, inda yawancin 'yan kasuwarmu suke sauka, jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum tashar Topkapi bayan 'yan tashoshi kaɗan (wannan Topkapi ta ƙofar gari ce, tsakaninta da gidan sarauta akwai tafiya mai ɗan nisa), kuma dab da isa tashar jirgin yana ratsawa ta wani babban giɓi da aka fasa a jikin ganuwar, hasumiyoyi suna tsaye dama da hagu. Dubban mutane suna bi ta nan kowace rana, har da namu, idonsu yana kan waya ko kan lissafin kaya, ba su san cewa sun keta ta tsakiyar ginin da ya tsare birni fiye da shekara dubu ba.

Asalin wurin wani garin Girkawa ne da ake kira Bizantiyom. A shekarar 330 miladiyya Sarkin Rum Kustantin ya ƙaddamar da shi a matsayin sabon babban birnin daula, aka sa masa sunansa, ya kuma kewaye shi da ganuwa. Birnin yana kan wani tsinin ƙasa ne da ruwa ya zagaye ta gefe uku: tekun Marmara a kudu, bakin Bosforus a gabas, da wani hannun teku da Turkawa suke kira Halic a arewa, saboda haka ta yamma kaɗai maƙiyi zai iya zuwar masa da ƙafa da doki. Kafin a cika shekara ɗari jama'a ta yi wa ganuwar Kustantin yawa, a daidai lokacin da ƙabilun arewa suke kutsowa cikin daular, har ta kai ga Alarik, sarkin Gotawa, ya shiga tsohon birnin Roma a 410 ya washe shi. Sarkin da ke kan gado a Kustantiniyya a lokacin, Tiyodosiyus na biyu, yaro ne da ya gaji mahaifinsa a 408 yana ɗan shekara bakwai, don haka wazirinsa Antimiyus ne ya tsaya a kan aikin sabuwar ganuwa, aka gama ta a 413, kusan kilomita biyu yamma da tsohuwar.

Masu wannan tsari ba gidajen mutane kaɗai suka kewaye ba. Filin da ke tsakanin tsohuwar ganuwa da sabuwa an bar yawancinsa ga gonaki da lambuna da manya-manyan tafkunan ajiyar ruwa na gini, waɗanda ɗaya daga cikinsu, kusa da ƙofar Edirne, girmansa ya kai a yau filin ƙwallon ƙafa ne a cikinsa. Duk Bakano ya san wannan hikima, domin haka magabata suka zagaye Dala da Goron Dutse da gonaki da kududdufai a cikin badala, saboda garin da ake iya yi wa ƙawanya dole ya kasance yana da abin ci da abin sha a cikin gida.

Ganuwar kuma hawa-hawa ce, kuma a nan ne wanda bai gani da idonsa ba yake kasa fahimtar labarin. Wanda ya taho daga waje, abin da zai fara tararwa shi ne gwalalo mai faɗin kimanin mita 20, wanda zurfinsa ya kai mita 10 a wasu wurare, an ɗaure gefensa da dutse. In ya tsallake, akwai gajeriyar katanga a bakinsa, bayanta kuma fili ne fetal wanda babu wurin ɓuya a cikinsa. Daga nan sai ganuwar waje, mai kaurin kimanin mita 2 da tsayin mita 8 zuwa 9, da nata hasumiyoyin. Wanda ya yi sa'ar haye wannan sai ya faɗa cikin wani lungu mai faɗin mita 15 zuwa 20, a gabansa kuma ga babbar ganuwa ta ciki, mai kaurin kimanin mita 5 da tsayin mita 12, wadda take ɗauke da hasumiya 96, tsayinsu mita 15 zuwa 20, tsakanin ɗaya da ɗaya kimanin mita 55. An jera hasumiyoyin waje ne a tsakankanin na ciki, ta yadda maharban da ke sama suke harbi ta kan 'yan'uwansu na ƙasa ba tare da wani ya tare wa wani gani ba. Haka abin yake tafe daga bakin tekun Marmara, ya hau tudu, ya gangara kwari, har ya haɗu da ganuwar unguwar Bilakarna da aka gina daga baya, ya sauka a Halic, tsawon kimanin kilomita shida da rabi.

Na tsaya a gindin wata hasumiya tsakanin Yedikule, wato sansanin da ke kusa da ƙarshen ganuwar ta bakin tekun Marmara, da ƙofar Silivri wadda ta tsage daga sama har ƙasa, cikinta ya bayyana, na ga yadda aka yi ginin. Fuskarsa farin dutse ne sassaƙaƙƙe da aka jera sahu-sahu, sai a katse shi da ɗamarar jan tubali mai faɗi kuma siriri, layi biyar, sannan a ci gaba da dutse. Ɗamarar nan ta ratsa kaurin ganuwar ne daga wannan fuska zuwa waccan, tana ɗaure ginin, tana kuma rage masa lahani idan ƙasa ta girgiza. Tsakiyar kuwa tarkacen duwatsu ne da aka cuɗa da farar ƙasa da garin tubali, shi ya sa kwaɓin ya yi ja-ja, kuma in ka taɓa shi za ka ji ƙarfinsa bai bambanta da na dutsen da ke gefensa ba, bayan shekara 1,600 a cikin ruwan sama da sanyi.

A shekarar 447 wata babbar girgizar ƙasa ta zubar da hasumiya 57 da wani yanki mai yawa na ganuwar, kuma hakan ya zo ne a lokacin da Atila, sarkin Hunawa, yake ɓarna a yankin Balkan yana matsowa. Wazirin wannan zamani, wanda shi ma sunansa Kustantin, ya tara mutanen gari, har da ƙungiyoyin magoya bayan tseren keken doki waɗanda ba sa ga maciji da juna, suka tayar da abin da ya faɗi cikin kwana 60. Rubutun da ya shaida haka yana nan a sassaƙe a jikin ƙofar da ake kira Mevlevihane, da Girkanci da Latin, mai wucewa yana iya ɗaga kai ya gan shi. Atila bai gwada ƙarfinsa a kan birnin ba. A jikin hasumiyoyi da dama akwai irin wannan rubutu na sarakunan baya, kowane yana faɗin sashen da ya gyara, daga waɗanda suka tayar da ɓarnar girgizar ƙasa ta 740 har zuwa na ƙarni na 15. Tun a 413 ma an fitar da doka cewa masu filayen da ganuwar ta bi ta ciki su yi amfani da hasumiyoyin, bisa sharaɗin su riƙa kula da gyaransu, kusan yadda ake yi wa ganuwoyin ƙasar Hausa aikin gayya. A ganina wannan ya fi kaurinta bayyana dalilin daɗewarta, domin duk tsawon zamanin Rumawa ba a taɓa ɗaukar ta a matsayin aikin da aka gama aka juya baya ba.

A 626 Awarawa, wata ƙabila daga arewa, suka zo wa birnin ta tudu, Farisawa suka yi sansani a ɗaya gaɓar Bosforus, Sarki Hirkal kuma ba ya gari, amma suka koma ba su samu komai ba. Wannan Hirkal shi ne wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa wasiƙa bayan 'yan shekaru kaɗan.

Mu mazauna Madina muna da wata alaƙa da wannan ganuwa da ba kowa ke da ita ba. Khalid ɗan Zaid, wanda aka fi sani da Abu Ayyub, ɗan garin nan ne, daga Banu Najjar na ƙabilar Khazraj. Kusa da gidansa taguwar Manzon Allah ta durƙusa ranar da ya shigo Madina, a gidansa kuma ya sauka na kimanin wata bakwai kafin a gama ginin masallaci da ɗakuna, kuma wurin gidan ya shige cikin harami tun da aka faɗaɗa shi, muna bi ta wajen dare da rana. Mutumin da ya halarci Badar da Uhudu da Handaƙ, wanda ya ga yadda rami ɗaya da aka haƙa a arewacin Madina ya tsayar da rundunar ƙawance, shi ne ya fita da tsufansa a zamanin halifancin Mu'awiya, wajen shekara ta 50 bayan hijira, cikin rundunar da ta nufi Kustantiniyya. Da ciwon ajali ya kama shi, wasiyyarsa ita ce a ɗauke shi a kutsa da shi cikin ƙasar abokan gaba iyakar inda za a iya kaiwa, a binne shi a can. Iyakar inda aka iya kaiwa ita ce gindin ganuwa. Shi ya sa kabarinsa yake a wajen gari, a gaɓar Halic, tafiyar ƙafa daga ƙarshen ganuwar ta arewa.

Ɗaliban hadisi ma sun san wannan ganuwa ko da ba su lura ba. A ruwayar Abu Dawud, mai ba da labarin yaƙin ya ce Rumawa sun jingina bayansu da katangar birnin, sai wani Musulmi ya afka cikinsu shi kaɗai, mutane suka ce ya jefa kansa cikin halaka. Abu Ayyub ya miƙe ya gyara musu fahimta, ya ce ayar nan ta suratul Baƙara a kansu ta sauka, su mutanen Madina, lokacin da suka yi tunanin su zauna su gyara dukiyoyinsu su bar fita saboda Allah. Ana karantar da wannan hadisi a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya, ana karantar da shi a masallacin Annabi, kuma katangar da aka ambata a cikinsa tana nan tsaye, ana iya zuwa a dafa ta. Ina jin ciwo ƙwarai in ga malami ko ɗalibi ya je har unguwar Ayyub ya dawo bai taka ya ga wurin da aka yi wannan tafsiri ba.

An sake komawa da shiri mafi girma a 717, lokacin da Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya tura ɗan'uwansa Maslama da runduna ta tudu da ta ruwa. Suka shekara a bakin birnin. Wutar nan ta Rumawa mai ci a kan ruwa ta ƙone jiragensu, hunturu mai tsanani da yunwa suka ci mutane da dabbobi, Bulgariyawa suka far musu ta baya, ganuwa kuwa ko gezau. Sulaimanu ya rasu, Umaru ɗan Abdul'aziz ya hau, ya yi umarni a dawo da rundunar, aka janye a 718. Ko a 1204, da mayaƙan Kiristocin Yamma da mutanen Banis ta ƙasar Italiya suka ci birnin suka washe shi, ta katangar bakin ruwa ta Halic suka hau daga jiragensu, wadda layi ɗaya ce. Ganuwar tudu ba su iya da ita ba.

Sai ga Muhammadu ɗan Murad, wato Fatih, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, yana ɗan shekara 21. Kakan mahaifinsa Bayazid na farko ya tsare birnin shekaru a ƙarshen ƙarni na 14 bai samu shiga ba, mahaifinsa Murad na biyu ya gwada a 1422 ya janye. Shi kuwa sai da ya fara gina sansanin Rumeli Hisar a gaɓar Bosforus a 1452 domin ya yanke wa birnin taimako daga tekun Bahar Aswad, sannan ya ɗauki wani maƙeri mai suna Urban, wanda ya fara kai kansa ga Sarkin Rum aka kasa biyansa, ya zuba masa a Edirne, babban birnin daularsa a lokacin, igwar tagulla mai tsawon kusan mita 8, mai jefa dutsen da ya kai kusan rabin tan. An kafa ƙawanya ranar 6 ga Afrilu 1453. Masu tsaron birnin, Rumawa da baƙin da suka zo taimako irin su Justiniyani mutumin Jenowa ta ƙasar Italiya, ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba, rundunar Sarki kuwa ta ninka su sau da yawa, kuma duk da haka sai da aka kwashe kwana 53.

An jera manyan igwogin ne inda ganuwar ta fi rauni, wato kwarin da wani rafi mai suna Likus yake shiga gari, tsakanin ƙofar Topkapi da ƙofar Edirne, domin a nan ƙasa ta gangara har wanda ke kan tudun waje yana hangen kan ganuwar. Da rana igwa ta fasa, da dare mutanen gari, maza da mata, su fito da itace da ƙirare da gangunan da aka cika da ƙasa su toshe giɓin, kuma tarin ƙasa ya fi dutse shanye bugun igwa. Aka haƙa ramuka ta ƙarƙashin ganuwar, masu tsaro suka gano su suka rusa. Aka janyo jiragen ruwa ta kan tudu aka zuba su cikin Halic domin a kauce wa sarƙar da aka gicciya a bakinsa. Sai da asubahin Talata 29 ga Mayu, daidai da 20 ga Jumada Ula 857, bayan runduna biyu sun kai hari an mayar da su, ta uku ta zaratan sojojin fada ta samu hawa, lokacin da aka ji wa Justiniyani rauni aka fitar da shi daga fagen fama. A wannan wuri aka yi wa Sarkin Rum na ƙarshe, Kustantin na goma sha ɗaya, ganin ƙarshe, Sarki Muhammadu kuma ya shiga ta ƙofar Edirne. Masu wa'azinmu suna yawan kawo hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito na yabon shugaban da zai buɗe Kustantiniyya da rundunarsa, amma mai sauraron da bai san abin da aka buɗe ba zai ɗauka gari ne kamar kowane gari, ba zai gane dalilin da ya sa aka jira kusan shekara 800 daga Abu Ayyub zuwa Fatih ba.

Na san akwai mai cewa ginin Rumawa ne, waɗanda suka gina shi ba a kan addininmu suke ba, an kuma gina shi ne aka tare magabatanmu da shi, to me zai kai Musulmi ya ɓata lokacinsa a kansa? Akwai kuma mai tsoron kada kula da tsofaffin duwatsu ya zama ƙofar neman albarka a inda ba ta halatta ba, kuma wannan tsoro ina girmama shi. Abin da nake kira gare shi shi ne dubawa da ɗaukar izina, kuma umarnin hakan yana cikin surar da aka sa wa sunan waɗannan mutane. A aya ta tara ta suratur Rum, Allah yana tambaya ko ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba su duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance, mutanen da suka fi su ƙarfi, suka noma ƙasa, suka raya ta fiye da yadda su suka raya ta. Shi kansa Fatih bai rushe ganuwar da ta wahalar da shi ba. Ya sa an gyara inda igwoginsa suka fasa, sannan a 1458 ya ƙara hasumiya uku a bayan Ƙofar Zinariya, wato ƙofar farin marmara da sarakunan Rum suke shigowa ta cikinta in sun dawo da nasara, ya haɗa da huɗu na tsohuwar ganuwa, wurin ya zama sansanin Yedikule mai hasumiya bakwai.

Abin da igwa ba ta yi ba, zamani ya yi. Layin dogo ya fasa ta kusa da teku a ƙarni na 19, girgizar ƙasa ta 1894 ta zubar da wasu sassa, a shekarun 1950 kuma aka keta ta da manyan tituna biyu, Millet da Vatan, kuma na biyun ya bi ta cikin kwarin Likus ne, wato daidai fagen da aka yi gumurzun ƙarshe, inda yanzu motoci suke gudu ba dare ba rana. Hukumar UNESCO ta sa ganuwar cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, aka kuma yi wa wasu sassa gyara a shekarun 1980, amma masana suka koka cewa an yi amfani da kayan da ba su dace da tsohon ginin ba, an fi kula da kyan fuska. Girgizar ƙasa ta 1999 ta gaskata su, domin wasu wuraren da aka gyara sun zube, tsohon ginin da ke ƙarƙashinsu yana tsaye. A 2008 sai da ta shiga jerin wuraren tarihi ɗari da suka fi fuskantar haɗari a duniya. A 'yan shekarun nan an gyara wasu sassa an buɗe su ga masu ziyara, sai dai har yanzu akwai dogayen wurare da bishiyoyi suka tsiro a kan hasumiyoyi, saiwoyinsu suna tsaga dutse, ƙasan kuma ya zama wurin zubar da shara.

Wani abu guda ya faranta mini rai. A cikin gwalalon nan da aka haƙa domin kisa, tsakanin Yedikule da ƙofar Silivri, lambuna ne kore shar, kuma noman lambu a gindin ganuwar sana'a ce ta ɗaruruwan shekaru, har latas ɗin Yedikule ya yi suna a birnin. Na ga wani dattijo da takalmin roba yana tuge albasa mai lawashi, yana karkaɗe ƙasar, yana ɗaurewa ƙulli-ƙulli yana ajiyewa a kan wani tebur a bakin titi, matan unguwa suna tsayawa suna saye. Inda ake noma, gindin ganuwar a share yake, babu shara, babu mai kunna wuta a cikin hasumiya, domin akwai idon da ke kan wurin tun safe har yamma.

Mu da muke zaune a Hijaz mun san yadda ganuwa take ɓacewa. Jidda tana da tata, wadda Husaini al-Kurdi ya gina a farkon ƙarni na 16 da umarnin Sarkin Masar Kansuh al-Gauri saboda jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka zo a 1517 suka koma ba su ci garin ba. An rushe ta a 1947, yau Bab Makka da Bab Sharif sunayen wuraren da muke zuwa cefane ne. Madina ma haka, Babul Majidi da Babus Shami da Anbariyya suna bakinmu kullum, tsofaffin da suka riski ganuwar da idonsu kuwa sun kusa ƙarewa. A nan akwai uzuri bayyananne, domin baƙin Allah suna ƙaruwa kowace shekara kuma dole a yalwata musu wuri. Wanda ban ga uzurinsa ba shi ne halin da badalar Kano take ciki, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya hau sarauta a 1463, shekara goma bayan buɗe Kustantiniyya, ya faɗaɗa ta. Ana ɗibar ƙasarta, ana gini a kanta, in kuma aka tashi gyaran ƙofa sai a zuba siminti. Duk mai hannu a kula da ita ya kamata ya san abin da ya faru a Istanbul a 1999.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta nemi ɗaya daga cikin ɗalibanmu da ke karatu a Turkiyya ya bi ganuwar daga teku zuwa Halic, ya ɗauko hotunan ƙofofinta da rubutun da ke jikinsu, a buga da bayani cikin Hausa. Ga 'yan'uwanmu masu kamfanonin tafiye-tafiye a Kano da Abuja da nan Saudiyya, rabin yini ya isa a saka cikin tsarin ziyara: a fara daga Yedikule da Ƙofar Zinariya, a bi ta lambuna zuwa ƙofofin Silivri da Mevlevihane, a tsaya a Topkapi inda akwai gidan tarihin yaƙin 1453 da aka buɗe a 2009, a gangara kwarin, a hau zuwa ƙofar Edirne a yi azahar a masallacin Mihrimah da ke jikin ganuwar, daga nan a wuce unguwar Ayyub. A tafi da rana kuma cikin jama'a, da takalmin da zai jure tafiya, kada kuma a hau inda ba a gyara ba, domin matakalar wasu hasumiyoyin ta zaizaye kuma babu abin dafawa. Masu rauni da tsofaffi ana iya bi da su a mota, tun da titi yana tafe a gefen ganuwar kusan daga farko har ƙarshe.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani mai karatu,
Madina, Saudiyya.